Tulu biyu da ma'aunin zafi ɗaya: yadda wani aji a Tawa ya koyi yin gwaji

Asalin lamarin

Makarantar kwaleji ce a wata unguwa ta bakin garin Tawa. Ajin da ake magana a kansa na ƙananan ɗalibai ne, ƴan shekara 12 zuwa 14, sun haura 60, uku-uku a benci, wani bencin har huɗu. Mafi yawansu Hausa suke yi a gida, kaɗan daga cikinsu Tamashek ko Fulatanci, darasi kuwa da Faransanci ake bayar da shi. Babu ɗakin gwaji. Abin da malamin kimiyya yake da shi bai wuce allo da alli da littafi ɗaya ba, sai wani ma'aunin zafi na gilashi mai kaiwa digiri 110 da ya tarar a kabad ɗin ofis, ƙura ta rufe kwalinsa.

Malamin matashi ne, shekararsa ta biyu ke nan da fara koyarwa. Babi biyu ne a gabansa a farkon shekara. Na ɗaya shi ne hanyar binciken kimiyya: a lura da abu, a yi tambaya, a yi hasashe, a gwada, sannan a yanke hukunci bisa abin da gwajin ya nuna. Na biyu shi ne yanayin abu guda uku, wato daskararre da ruwa-ruwa da gas, da yadda abu yake sauyawa daga wannan zuwa wancan ta hanyar narkewa, daskarewa, tashi zuwa tururi, da komawar tururi ruwa.

Oktoba: sun ci jarrabawa, amsa ta gagara

Da aka koma makaranta a farkon Oktoba, malamin ya bi hanyar da shi ma aka koyar da shi. Ya rubuta ma'anoni a allo, yara suka kwafa, suka haddace. A ƙarshen wata ya yi musu ƙaramar jarrabawa, mafi yawansu suka ci.

Ran da ya mayar musu da takardunsu, sauran ƴan mintoci a tashi, sai ya jefa musu tambayoyi uku da baki, da Hausa. Idan an shanya wanki ya bushe, ina ruwan ya tafi? Idan ka sayo ƙanƙara a leda, ruwan da ke jiƙa bayan ledar daga ina yake? Me ya sa ruwan randa ya fi na jarka sanyi?

Amsoshin suka zo da sauri, babu mai shakka. Ruwan wanki rana ce ta shanye shi, ya ƙare. Ledar ƙanƙara yoyo take yi. Randa kuwa laka ce, laka kuma sanyi gare ta. Yarinyar da ta fi kowa maki, wadda ta rubuta ma'anar komawar tururi ruwa ba kuskure ko ɗaya, ita ce ta fara cewa leda yoyo take yi. Wani yaro kuma ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, to gero fa? Ai yana zuba, kuma idan aka sa shi a tiya siffar tiya yake ɗauka. Ke nan shi ma ruwa-ruwa ne?" Bisa ma'anar da ke rubuce a allo, yaron bai yi kuskure ba. Malamin ya ce za a dawo kan maganar, aka kaɗa ƙararrawa.

Nuwamba: ƙarin bayani da Hausa

Zaton farko da malamin ya yi shi ne harshe ne ya tare hanya. Saboda haka a cikin Nuwamba ya riƙa ware minti goma a ƙarshen kowane darasi yana maimaita bayanin da Hausa. Ya kuma fitar da yaran fili: suka tsaya a jere kafaɗa da kafaɗa suna ɗan motsi a wuri ɗaya, ya ce haka ƙwayoyin abu daskararre suke, suka riƙa zagaya juna ba tare da sun rabu ba, ya ce ruwa-ruwa ke nan, sannan suka watse da gudu ko'ina cikin fili, ya ce gas ke nan.

Yaran sun ji daɗi, waɗanda ba sa magana a aji ma suka fara buɗe baki. Amma da ya sake yin tambayoyin nan uku bayan mako uku, ta farko kawai ta ɗan motsa, wasu suka ce ruwan wanki ya zama tururi. Yoyon leda da sanyin laka suna nan daram.

Disamba: gwajin da aka yi musu a gaba

Daga nan malamin ya ce gani ya kori ji. Ya aro ƙaramar kwalbar gas mai kilo 6 da tukunya daga gida, ya sayo ƙanƙara wajen wata mata mai firji a unguwar, ya ajiye komai a kan teburinsa. Ya farfasa ƙanƙarar a tukunya, ya tsoma ma'auni. Muddin akwai sauran ƙanƙara ana motsawa, ma'aunin bai wuce tsakanin digiri 0 da 1 ba. Da ta narke duka ya fara hawa, har ruwa ya tafasa.

A nan ne ma'aunin ya tsaya a wajen digiri 99, ya ƙi gaba. Wani yaro na bencin farko ya leƙa ya ce, "Mushe, ai bai kai 100 ba." Malamin ya ce ma'aunin ne ya tsufa, kowa ya rubuta 100 kamar yadda yake a littafi. Kowa ya rubuta 100.

Waɗanda suka ga ma'aunin da idonsu ba su wuce na benci biyu na gaba ba. Na baya tururi kawai suka hango, wasu suka hau benci, aji ya cika da hayaniya. A jarrabawar ƙarshen zango makin ajin bai yi ƙasa ba, amma amsoshin tambayoyin nan uku ba su sauya ba.

Janairu: gwajin farko na yaran, wanda bai raba gardama ba

Bayan hutu malamin ya kai kukansa ga wata malama da ta daɗe tana koyar da kimiyyar halittu a makarantar. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Ƙanena, yaran nan ba da kai wofi suka zo maka ba. Kowanne yana da bayanin da ya taso da shi, kuma bai taɓa ba shi kunya ba. Kai kana zuba naka a sama, nasu yana nan a ƙasa. Ka sa su faɗi nasu, su rubuta, sannan su nemi hanyar da za a gane ko gaskiya ne." Ya ce, "Madam, da wane kayan aiki?" Ta nuna masa randar maigadi da ke ƙarƙashin dogon yaro.

A mako na biyu na Janairu ya rubuta tambaya ɗaya a allo: me ya sa ruwan randa yake sanyi? Kowa ya rubuta amsarsa a ƴar takarda da sunansa. Da aka tara, sai ajin ya rabu uku. Mafi yawa sun ce laka ce mai sanyi. Wasu sun ce don a inuwa ake ajiye ta. Ƴan kaɗan, ba su kai goma ba, suka ce jiƙar da bayanta yake yi ce.

Yaran suka auna ruwan randar maigadi da na wata jarka mai lita 25 da ke cikin aji. Na randa ya fi sanyi da digiri da dama. Sai kowane ɓangare ya ce shi ya yi gaskiya: masu laka suka ce ga shi nan, masu inuwa suka ce ai randar a gindin itace take, masu jiƙa suka ce a taɓa bayanta a ji. Malamin ya bar su suka yi ta musu har suka gaji, sannan ya ce su lissafa masa duk bambancin da ke tsakanin randar da jarkar. Suka lissafa: ɗaya laka ɗaya roba, ɗaya a waje ɗaya a ɗaki mai rufin kwano, ɗaya ruwan jiya ɗaya na safiyar nan, girmansu ma ba ɗaya ba. Da allon ya cika, wata yarinya ta ce, "To ai haka ba za a taɓa sanin wanne ne ba." Da wannan maganar aka tashi.

Fabrairu: tulu biyu, bambanci ɗaya

Ranar kasuwa malamin ya je wajen masu tukwane. Ya ce wa wata tsohuwa, "Inna, tulu biyu nake so, girma ɗaya, ginin hannu ɗaya, gashi ɗaya." Ta ƙwanƙwasa guda huɗu da ɗan yatsa tana sauraren ƙararsu, ta ware masa biyu. Ta ce, "Ɗana, in sanyi kake nema sabo ya fi. Tulu in ya tsufa ya toshe, ya bar tsattsafowa, to ruwansa ba ya sanyi kamar da." Ya riƙe wannan maganar, bai faɗa wa yaran ba sai bayan an gama gwaji.

Ga yadda aka tsara, kuma yaran ne suka kawo mafi yawan sharuɗɗan. Kowane tulu lita 8, daga famfo ɗaya, a lokaci ɗaya. Duka biyun a inuwa ɗaya a barandar aji, a kan kewayen duwatsu iri ɗaya, kowanne da murfi. Bambancin guda ɗaya ne tak: an naɗe ɗaya da farar leda tun daga wuya har gindi, an ɗaure da igiya, ɗayan an bar shi haka. Kafin a zuba ruwa, kowane ɓangare ya rubuta abin da zai faru idan shi ne mai gaskiya. Masu laka suka rubuta cewa duka biyun za su yi sanyi daidai, tunda duka laka ne. Masu inuwa ma haka suka rubuta. Masu jiƙa suka rubuta cewa wanda aka naɗe ba zai yi sanyi ba.

Aka raba ajin rukuni-rukuni, kowane rukuni da ranarsa. Ana aunawa da ƙarfe 8 na safe, da 10 da rabi, da 1 na rana. Yaro ɗaya ya karanta ma'auni, na biyu ya sake karantawa ba tare da ya ji abin da na farko ya faɗa ba, na uku ya rubuta. Ana kuma tsoma wani kara mai alama don a ga tsayin ruwa.

A kwanakin mako na farko, da ƙarfe 1 na rana, ruwan tulun da ba a naɗe ba yana wajen digiri 21, na wanda aka naɗe yana wajen 27. Ruwan na farkon yana raguwa sama da rabin lita a kwana, na biyun kusan bai motsa ba, sai ɗan abin da ya taru a gindin ledar.

Masu laka ba su sallama ba. Wani yaro daga cikinsu ya ce wataƙila tun asali tulu ɗaya ya fi ɗaya kyau. Malamin ya tambaye shi yadda za a gane. Ya yi shiru, can ya ce a cire ledar daga wannan a naɗa wa wancan. Haka aka yi a mako na biyu. Sanyin ya bar tulun da aka naɗe ya koma wanda aka kwance.

Sai a lokacin malamin ya yi bayani. Jikin tulu yana da ƙananan kafofi da ido ba ya gani, ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu ya jiƙa bayansa. Ƙwayoyin ruwan da suka fi saurin motsi su ne suke tserewa cikin iska, kuma tserewar tana cin zafi mai yawa, wanda ake zara daga tulun da ruwan cikinsa. Ya yi musu lissafin a allo: don a rage wa lita ɗaya ta ruwa digiri ɗaya, sai an cire kilojul (ma'aunin yawan zafi) kusan 4.2; lita ɗaya kuma idan za ta tashi ta zama tururi tana tafiya da kilojul kusan 2,400. Ke nan ruwan da bai kai cikin ƙaramin kofin shayi biyu ba, idan ya tashi, ya isa ya rage wa lita 8 digiri 5. Sauran abin da tulun yake asara yana tafiya ne wajen korar zafin da ke shigowa daga waje duk yini. Busasshiyar iskar hunturu tana ƙara saurin tashin ruwan, shi ya sa alwala take da sanyi haka a wannan lokaci ko da ruwan ba mai sanyi ba ne. Ya kuma ba su labarin Mohammed Bah Abba, malamin makaranta daga arewacin Najeriya, wanda ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi don adana kayan lambu, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Maris: ruwan da bai ɓata ba, da kwalbar da ta ƙi yin zufa

Sauran tambaya biyu. Ta wanki ba ta ba da wahala ba. Aka zuba ruwan gishiri a baho, aka ajiye kofi a tsakiya, aka rufe bakin bahon da farar leda, aka ɗora ɗan dutse a tsakiyarta, aka bar shi a rana. Kafin a tashi ɗigo ya cika ƙasan ledar yana gangarowa cikin kofi. Yara suka ɗanɗana, babu gishiri. Ruwan ya tashi, ya bar gishirin a baho, ya kuma dawo ruwa da ya taɓa leda. Da wannan tashin ruwa ne ake samun gishirin Bilma, inda rana take ƙafar da ruwan ramuka. Malamin ya ambaci Abdou Moumouni, ɗan Tasawa, masanin kimiyyar fizik da makamashin rana da aka haifa a 1929 ya rasu a 1991, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa. Da yawa daga cikin yaran sun san sunan jami'ar, ba su san aikin mutumin ba.

Tambayar ledar ƙanƙara ce ta zo da abin da ba a zata ba. An cika kwalbar gilashi da zoɓo da ƙanƙara, an toshe bakinta, da niyyar idan bayanta ya jiƙa a goge da farin ƙyalle: in yoyo ne za a ga ja, in ba yoyo ba ne ƙyallen zai fito fari. Aka ajiye kwalbar, aka zuba mata ido. Minti ashirin suka wuce, bayanta a bushe, sai ɗan dusu-dusu da bai isa jiƙa ƙyalle ba.

Wannan karon malamin ya ce a rubuta abin da aka gani: ranar kaza ga Maris, kwalba ba ta jiƙa ba. Masu cewa yoyo ne suka ce gilashi ai ba ya yoyo, shi ya sa. Yarinyar nan mai maki ta ɗauki kwalbar ta hura mata numfashi, nan take wurin ya yi fari ya jiƙa. Ta ce to ko ruwan daga iska yake, iskar yau kuma babu ruwa a cikinta? Aka rubuta hasashenta a bayan littafin aji: idan laima ta dawo, kwalbar nan za ta yi zufa ba tare da an hura mata ba. Aka ajiye maganar sai gaban damina.

Afrilu: an koma kan digiri 99

Malamin ya sake kawo kwalbar gas. Rukuni-rukuni suka zo suka karanta ma'aunin da kansu, kowa ya ga wajen 99. Ya ce musu su buɗe shafin Disamba su gyara. Digiri 100 da ke littafi na bakin teku ne. Tawa tana sama da teku da kusan mita 400, nauyin iskar da ke danne ruwa ya ragu, kuma duk hawan mita 300 yana rage wa zafin tafasa kusan digiri ɗaya. A wannan darasin aka sallami mai tambayar gero: aka zuba gero a faranti ya yi tsibi, aka zuba ruwa ya kwanta ya daidaita, aka ɗauki ƙwayar gero ɗaya aka ga siffarta ba ta sauya ba duk inda aka sa ta. Aka kuma girgiza kwalbar gas kowa ya ji motsin ruwa a ciki, domin butan, wato gas ɗin girki da ke cikinta, idan an matse shi yana zama ruwa-ruwa, sai an buɗe ya fito a matsayin gas.

Ƙarshen Mayu zuwa Yuni: sakamako

A ƙarshen Mayu iska ta juya, gari ya yi nauyi da laima. Aka ɗauko kwalbar Maris, aka zuba zoɓo da ƙanƙara. Cikin ƴan mintoci ruwa ya fara gangarowa a bayanta har ya yi zobe a kan tebur. Aka goge da farin ƙyalle, babu ja. Yaron da ya kawo shawarar musanya leda ya ce a gwada kwalba wofi. Mai firji ta ajiye musu ɗaya ta kwana, da safe aka kawo ta a naɗe cikin tsumma, aka buɗe, ita ma ta jiƙa, alhali babu ko ɗigo a cikinta.

A jarrabawar Yuni malamin ya sa tambayoyin da bai taɓa yi musu ba: me ya sa ruwan salka yake sanyi, me ya sa murfin tukunyar tuwo yake ɗiga, yaya za ka gwada ko baƙin tufafi ya fi fari saurin bushewa. Mafi yawan ajin sun amsa biyun farko daidai. A ta uku, sama da rabi sun rubuta cewa yadin ya zama iri ɗaya, girma ɗaya, a shanya wuri ɗaya, launi kawai ya bambanta. Akwai waɗanda har lokacin suka koma ga bayanin da suka zo da shi, musamman na bencin baya da waɗanda suka yi fashi da yawa. Rubutun Faransancin ajin bai wani gyaru ba. Babin wutar lantarki kuma a gurguje aka yi shi, saboda makonnin da tulu ya cinye. Kuɗin da aka kashe, tulu da leda da ƙanƙara da zoɓo, bai kai sefa 3,000 ba, daga aljihun malamin.

Abin da nake gani

Rashin ɗakin gwaji matsala ce ta gaske, harshe ma haka, amma a wannan ajin ba su ne suka tare hanya ba. Hausar Nuwamba ta buɗe bakin yara, ba ta taɓa abin da suka yarda da shi ba. Nunin Disamba yana da wuta da ma'auni, amma yaran ƴan kallo ne, babu wanda ya sa bakinsa a kan abin da zai faru, don haka babu wanda sakamakon ya kayar. Mafi muni a ciki shi ne umarnin a rubuta 100. A ranar an koya wa yara sama da 60 cewa idan ido da littafi suka saɓa, ido ake ƙaryatawa, kuma wannan kishiyar babin farko ne gaba ɗayansa. Na yaba wa malamin da ya dawo ya gyara a gabansu.

Abin da ya yi aiki ya fara ne daga ƴar takardar Janairu mai ɗauke da suna. Yaron da ya rubuta cewa tulu biyun za su yi sanyi daidai, sannan ya karanta 21 da 27 da idonsa, dole ya nemi wani bayani, a lokacin kuma ne bayanin malami ya samu wurin zama. Gwajin Janairu da ya lalace shi ya sa suka gane amfanin sauya abu ɗaya kawai, har suka fara kawo irin wannan shawara da kansu. Kwalbar Maris kuwa, da an rufe maganarta kamar ta Disamba, da ba a samu hujjar Mayu ba.

Kuskuren da za a iya kauce masa shi ne na lokaci. Gwajin zufar kwalba a Oktoba ya kamata a fara shi, lokacin da sauran laimar damina take cikin iska, sannan a maimaita shi a Maris a ga bambanci. Na tulu kuma ya dace da Janairu ko Fabrairu. Da an jera su haka, da babin wutar lantarki ya samu makonninsa. Na bencin baya kuma suna bukatar ma'auni na biyu, domin guda ɗaya ba ya zagaya aji mai wannan yawa a cikin darasi ɗaya.